Mol ɗin cakulan mai tauri, abin da na gani bayan wata tara ina aiki da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kek da kayan zaƙi a gida. Tun ranar da na sa hoton cakulan ɗin da na yi wa ƙanwata na kamu ake ta tambayata wai wane mol, wato abin da ake zuba cakulan a ciki ya daskare ya ɗauki siffa, na yi amfani da shi yake ƙyalli haka kamar an shafa masa mai, wasu ma cewa suka yi siyo shi na yi na canza kwali. Wallahi a kicin ɗina na yi shi nan Kano, kuma ba wani mai da na shafa, mol ne mai tauri irin wanda ake cewa polikabonet. Na ce bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya, daɗinsa da wahalarsa, don kada wata ta zuba kuɗinta ta zo tana cizon yatsa kamar yadda na yi a watannin farko.

Shekara kusan uku da silikon nake aiki, irin mai laushin nan da ake lanƙwasawa, mai siffar zuciya da fure, kuma ba zan ci amanarsa ba ya yi min aiki. Amma kullum abu ɗaya ke damuna, in na cire cakulan sai ya fito dishi-dishi ba haske, gefensa ba kaifi, wani lokacin garin turo shi da yatsa ta baya sai ya tsage ko zafin hannuna ya bar masa shaida. Sannan in kin cika shi kika zo ɗauka zuwa firij sai ya lanƙwashe rabi ya tsiyaye, dole sai da faranti a ƙasa. Wanda ya fi min ciwo shi ne ba na iya yin mai ciko a ciki, wato ɓawo siriri a waje a ciki kuma gyaɗa ko dabino, saboda wannan aikin sai an kife mol ɗin an zubar da rarar, shi kuwa silikon ina za ki kife shi ya tsaya.

To a watan Afrilu na yi oda guda biyu, ɗaya mai siffar rabin ƙwallo ɗaya mai zanen sanda irin na cakulan ɗin kanti. Kuɗin guda ɗaya ya isa ya siya min silikon huɗu ko biyar, sai da na yi ta juya abin a raina kafin na tura kuɗin. Da ya iso na riƙe shi a hannu na san ba wasa ba ne, yana da nauyi, garau yake kina hango hannunki ta cikinsa, in kin ƙwanƙwasa yana ƙara kamar gilas amma ba gilas ba ne, irin robar da ake yin faifan CD da ita ce da madubin tabarau. Tsawonsa santimita 27 da rabi, faɗinsa 13 da rabi, wannan girma ne da manyan kamfanonin mol suke yawan yi irin su Chocolate World da ke Antwerp a Beljiyam, shi ya sa za ki ga abin kankare rarar cakulan daga saman mol da ake sayarwa yana yin daidai da faɗinsa. Na rabin ƙwallon rami 24 gare shi. Cikin kowane rami sumul yake kamar madubi, kuma ashe duk sirrin ƙyallin a nan yake, cakulan kwafar fuskar abin da ya daskare a kai yake yi, in fuskar sumul ce ya fito da sheƙi, in mai kaushi ce ko da datti ya fito da shi haka.

Kafin in wuce bari in faɗi wani abu da ya ɓata min rai. Bayan wata ɗaya na ga wata mai saida kayan kek a intanet ta sa irinsa da araha sosai, na tambaye ta nace Hajiya don Allah wannan mai taurin ne na asali? tace min eh wallahi shi ne Anti, kada ki ji komai. Da aka kawo sai ga wata 'yar roba shara-shara irin ta murfin takeaway, in kin riƙe gefe ɗaya ɗayan gefen ya sunkuya. Na yi mata magana tace ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wanki na uku da ruwan ɗumi ya karkace, yanzu ko a kan tebur ba ya zama daidai. Don haka in za ki siya ki ce a ɗauko miki bidiyo ana ƙoƙarin lanƙwasa shi, na asali ba ya lanƙwasuwa sai ɗan motsi kaɗan, kuma ki duba bayansa za ki ga yana da kauri da ƙarfafan layuka kamar haƙarƙari. Waccan shara-sharan ma tana da amfaninta in sau ɗaya za ki yi abu na bikin yara, amma a sayar miki da ita da sunanta.

Yanzu maganar gwajin farko. Na narka cakulan na asali mai man koko da na siyo da tsada, na zuba, na sa a firij, bayan minti ashirin na fito da shi na kife na buga a tebur, ko ɗaya bai faɗo ba. Na sake bugawa, shiru. Ƙarshe da cokali na dinga ƙwaƙulowa, kuma a nan na yi wa rami biyu ƙarzuwa da har yau duk cakulan da ya fito daga cikinsu sai an ga layin a jikinsa, abin yana min ciwo duk lokacin da na gani. Kada ki taɓa sa cokali ko wuƙa a cikin ramin, in ya maƙale ki mai da shi firij, in ya ƙi ki narkar da shi da ruwan ɗumi ki haƙura da wannan zubin.

Ashe laifin ba na mol ba ne. Shi mai tauri ba a turo cakulan daga cikinsa, cakulan ne da kansa yake tsukewa in ya daskare ya saki jikin ramin, kuma ba zai tsuke ba sai an daidaita masa zafi, abin da masu sana'ar ke cewa tamparin. Man koko yana iya daskarewa kala shida, ɗaya ne kawai a ciki, na biyar, yake ba da ƙyalli da ƙarar nan ta ƙas in an karya, kuma shi ne yake tsukewa yadda ya kamata. In kika narka kawai kika zuba to duk kalar da ta ga dama ita za ta fito, shi ne za ki ga ya yi laushi yana manne wa hannu, bayan kwana biyu ya yi fari-fari a sama kamar ya yi hunhuna alhali ba lalacewa ya yi ba, man ne ya taso.

Yadda nake yi yanzu, in baƙin cakulan ne ina raba shi uku, kashi biyu in narka a kwanon silba a kan tukunyar ruwan zafi, wuta a kashe ko ƙasa-ƙasa, gindin kwanon kada ya taɓa ruwan, har ma'aunin zafi ya nuna digiri 45 zuwa 50 na Salsiyos. Sai in sauke in goge gindin kwanon da tsumma in dinga zuba ragowar kashi ɗayan da na yanka ƙanana ina juyawa ina juyawa ba tsayawa har ya sauko 31 zuwa 32, a nan ake aiki da shi. Mai madara 29 zuwa 30 yake so, farin kuma 28 zuwa 29, su kuma wajen narkawa kada su wuce 45 don saurin ƙonewa gare su. Ma'aunin zafin nan dole ne, ki haɗa kuɗinsa cikin kuɗin mol tun farko, yatsa ba zai gaya miki bambancin 31 da 34 ba kuma wannan ɗan bambancin shi ne komai. Kafin in zuba sai na tsoma bakin wuƙa na ajiye, in ya daskare cikin minti uku zuwa biyar ba zane-zane to ya yi. Ruwa kuwa ko ɗigo ɗaya ya faɗa ciki ya dunƙule ya zama kamar tuwo, har tururin tukunyar ma ki kiyaye.

Amma fa duk wannan lissafin an yi shi ne don ɗaki mai sanyin 18 zuwa 20, mu kuma Afrilu da Mayu a Kano zafi na haura 40, kicin ɗina da rana ya fi 32 ɗin da nake nema, to ta yaya cakulan zai sauko? Man koko kansa wajen 34 yake narkewa. Na yi ta fama wata biyu ina ɓata kaya ina zaton hannuna ne. Maigida ne ma wata rana ya ga na zauna na yi tagumi yace Maman yara ki bar wahalar da kanki da rana mana, ki gwada bayan asuba. Haka na koma, ina idar da sallah in shiga, in akwai wuta in ɗauki kayan in kai ɗakin da ke da esi in rufe ƙofa. Ya ɗan yi sauƙi amma gaskiya sai da hunturu ya shigo na ga ainihin abin da mol ɗin nan zai iya. Disamba da Janairu da sassafe garin yana yin sanyi sosai kuma iska a bushe take, cakulan na son haka, tun kafin ya shiga firij kike ganin ya fara kamawa. Matsalar hunturu ɗaya ce, ƙura, in kika bar mol a buɗe minti goma ta sauka a ciki kuma za ta fito a fuskar cakulan, don haka a kife nake ajiye shi a kan tawul mai tsabta sai lokacin zubi.

Ranar da ya fara yi min daidai ba zan manta ba. Na ɗaga mol ɗin na leƙa ta ƙasa, tunda garau yake, sai na ga ramukan sun yi haske-haske alamar iska ta shiga tsakani cakulan ya saki, wannan ma wani amfanin ne da silikon ba shi da shi, ba sai kin yi canke ba da idonki za ki ga wanda ya saki da wanda bai saki ba. Na ɗan murɗa shi kaɗan kamar yadda ake wa abin ƙanƙara, na ji ƙas ƙas, na kife a kan takarda, guda 22 suka zubo lokaci ɗaya biyun da suka rage na mayar minti biyar su ma suka fito. Ina ganin fitilar kicin a jikinsu. Na daɗe ina kallonsu kafin na kira yara.

Mai ciko shi ne inda mol ɗin ya biya kuɗinsa. Ki cika ramukan duka, ki kankare saman, ki bubbuga gefen da mariƙin abin kankarar ko ki buga shi a tebur don kumfar iska ta fito, kada ki ji tsoro ba zai fashe ba, sai ki kife shi a kan kwanon rarar ta tsiyaye, ki sake kankarewa yana a kife. Abin da ya rage a jikin ramin shi ne ɓawon. In ya kama sai ki zuba ciko da leda ki bar ɗan wuri kamar milimita biyu a sama, cikon kada ya kai zafin 30 in ba haka ba ya narkar da ɓawon, in ya zauna ki rufe da cakulan ki kankare. Wannan salon a Beljiyam ya samo asali, Jean Neuhaus ne ya fito da cakulan mai ciko a Brussels a 1912, su da kirim da 'ya'yan itatuwansu suke cikawa, ni kuma na ce abin da muke da shi ya isa. Dabino da na cire ƙwallon na niƙa da ɗan man shanu, shi ya fi tafiya wajen mutane musamman manya. Gyaɗa soyayyiya da aka niƙa ta yi laushi da ɗan sukari da gishiri kaɗan. Kantu da na daka ya yi ɓarzo-ɓarzo na gauraya da cakulan mai madara, wannan yara suka fi so saboda ƙurmus-ƙurmus ɗin. Kwakwa ma na gwada amma sai busasshiya, ɗanya ruwa gare ta tana saurin tsami. Duk cikon da ba ruwa a cikinsa ya fi daɗewa, mai kirim ko madarar ruwa kuwa ni ba na yarda ya wuce sati a yanayin wutar nan tamu.

Na san da yawanmu da kompaun muke aiki, wanda ake saidawa bulo-bulo a shagunan kayan kek, shi an cire man koko an sa man alayyadi ko makamancinsa shi ya sa ba ya buƙatar tamparin, ki narka wajen 40 zuwa 45 ki zuba kawai. Yana fita a mol mai tauri lafiya lau kuma yana ƙyalli fiye da yadda yake yi a silikon, ba ya kai na asali amma kwastoma zai ga bambanci. Ya kuma fi jure zafi, in oda ce da za a kai wurin biki da rana a ajiye a kan tebur ni kompaun nake yi kuma ina gaya wa mai odar gaskiya. Aibinsa dai a baki ne, yana barin maiƙo a dasashi kamar kin tauna kyandir, na asalin kuwa yana taɓa harshe yake narkewa. Shawarata ga mai farawa ta fara koyon hannu da kompaun, kifewa da kankarewa da rufewa, kafin ta taɓa mai tsadar. Abin da ke ba ni takaici kawai, koko a nan Najeriya ake noma shi a su Ondo da Kuros Riba, Kodebuwa da Ghana su ne kan gaba a duniya, amma cakulan mai kyau na aiki yawanci sai an kai Turai an sarrafa ya dawo mana da kuɗin dala.

Maganar firij, minti 10 zuwa 15 ya isa. Kada ki bar shi ya kwana, kuma ki guji firiza, don in ya yi sanyi da yawa kika fito da shi cikin zafin nan gumi yake yi nan take, ruwan ya narkar da sukarin sama ya bushe ya bar kaushi da fari, ƙyallin ya tafi kenan. Da damina abin ya fi yawa. In dole sai kin adana a firij ki sa a roba mai murfi, in kin fito da ita kada ki buɗe sai ta huce, gumin ya tsaya a jikin robar. Kuma kada ki haɗa shi da miya ko albasa ko daddawa, cakulan na ɗaukar wari sosai. In ba wuta na sha ɗora mol ɗin a cikin kula a kan ƙanƙara da tawul a tsakani, yana yi, amma ki tabbatar ruwa bai taɓa shi ba.

Sai alawa, don mutane da yawa sun tambaye ni ko za a iya zuba alawar tsinke a ciki. A'a, don Allah kada ki yi. Sukarin alawa mai tauri sai ya kai wajen 150 kafin a sauke, ita kuma robar polikabonet wajen 147 take fara laushi, ko bai narke a idonki ba cikin ramin zai dushe ya rasa sumul ɗinsa, shi kenan an gama da shi. Akwai mol mai tauri na alawa daban, fari ne ba a gani ta cikinsa, an rubuta yana ɗaukar zafi, ko ki yi da silikon tunda shi yana jure sama da 200. Tuwon madara ma na gwada dannawa a ciki don ina son ya fito da siffar, ya maƙale ƙam saboda shi ba ya tsukewa kamar cakulan, sai da na jiƙa mol ɗin. Shi da gullisuwa da duk abin da yake da danƙo silikon ne nasu, shi ya sa ban yar da nawa ba, suna nan ina aiki da su.

Kala ma wata tace ta sa ta kek ya dunƙule mata, eh zai dunƙule tunda ta ruwa ce, ta mai ake nema ko man koko mai kala. Ni ɗan garin zinarin nan na ci nake shafawa a ramin da busasshen buroshi kafin in zuba, yana fitowa da kyau a kwalin amarya.

Wanki ba shi da wahala amma yana da doka. Ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, sabulun ruwa kaɗan, soso mai laushi ko yatsa. Soson waya ko ɓangaren kore mai kaushi kada ya kusance shi, na ja wa mai taya ni aiki kunne a kan wannan tun ranar farko nace ke dai ki bar min waɗannan ni zan wanke da kaina. Ki goge ya bushe nan take don ruwan rijiya da na bohol yana barin tabo fari, sannan kafin kowane zubi ki bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da auduga mai tsabta ki murza. Yana cin lokaci, rami 24 kusan minti biyar, amma ranar da na yi gaggawa na tsallake a fuskar cakulan na gani. Kuma ba kowane zubi ake wankewa ba, in a jere kike aiki auduga ta isa, ɗan man kokon da ya rage ma yana taimakawa.

Wa ya kamata ta siya? In sau biyu a shekara kike yi wa yara da sallah, ki zauna da silikon ɗinki, kuɗin mol da ma'aunin zafi da abin kankara ba zai dawo ba. In kuwa sayarwa kike yi ko kina son shiga odar kamu da suna da kwalin kyauta, to ki daure ki siya, amma ki siyi biyu iri ɗaya, don da guda ɗaya kina jiran ya daskare cakulan da kika sha wahalar daidaitawa yana hucewa a kwano. Ki fara da rabin ƙwallo, shi ya fi saurin saki, masu kusurwa da zane da yawa kumfa ke maƙalewa a lungunansu, na sandar nan ma nawa har yanzu wani lokacin yana fito min da 'yan ramuka a kusurwa in ban buga shi sosai ba. Nawa wata tara kenan ina aiki da su kusan duk sati, ban da ƙarzuwar da na yi da hannuna ba abin da ya same su, kuma na riga na yi odar na uku mai siffar ɗigon ruwa, ina fatan ya iso kafin sanyin nan ya wuce.